Ƙararrawar da Aka Kaɗa wa Mai Rai

Shafi na 27

Masu turo min saƙo suna tambaya ko Mai Taga mugu ne ko mai tausayi, ni ma ban gama sani ba. Ga shi nan, kowa ya auna da kansa.

*

Tun tana tsakiyar matakala Mai Taga ya fara jin numfashinta. Ta hau uku ta tsaya, ta hau uku ta tsaya, sandarta na ƙwanƙwasa dutse.

Bai sauka ya tare ta ba. Ya san ko wace ce, ya kuma san abin da ya kawo ta. Shekara talatin da ɗaya yana tsaron hasumiyar nan, ba wanda ya taɓa wuce ƙofar ƙasa sai shi. Haka doka take tun zamanin da teku ya haɗiye fadar garin, ya bar wannan gini shi kaɗai a tsaye kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. Amma wa zai karanta wa Inna Mai Gishiri doka? Ita ta shayar da shi lokacin da uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa.

Ta ƙaramar tagar da ke kallon gari ya sake hango Auta, ɗanta na ƙarshe. Yana nan inda yake tun shekaranjiya, zaune a ƙofar gidan uwarsa, kansa ya yi fari. Mutane na ratse shi kamar yadda ake ratse rami a hanya. Ba mai gaishe shi, ba mai amsa masa. Ba ƙiyayya ba ce. A garin nan, wanda aka kaɗa wa ƙararrawar hasumiya ya mutu, ko da ƙafarsa ya dawo. Kwana uku ake ba shi. Idan ruwa ya janye a rana ta uku, sai a sa shi cikin kwale-kwale ba filafili, a tura shi ya koma inda ya fito.

Yau ce rana ta uku.

Kuma da hannunsa ya kaɗa wa Auta ƙararrawa, shekara tara da suka wuce.

Kanta ya fara ɓullowa, sannan sandar, sannan sauran jikin. Ta zube a bakin matakala tana haki.

"Kunnuwa," ta ce. Sunan da ta sa masa ke nan tun yana rarrafe, ba mai kiransa haka yanzu sai ita. "Wanda ya gina wannan abu ba shi da tsohuwa a gida."

"Sannu, Inna."

"Riƙe sannunka. Ba ni ruwa."

Ya ɗebo mata a moɗa. Ta sha rabi, ta zuba rabi a gwiwoyinta. Sannan ta bi ɗakin da idanunta da suka fara yin hazo: tabarmarsa, tukunyarsa, igiyar ƙararrawa da ta sauko daga rufi, sai babbar tagar da ke kallon teku, an rufe ta da katako da sakata biyu.

"Nan ne ɗakin da mutane ke rage murya in sun zo wucewa ta ƙarƙashinsa? Ashe warin kifi ne da tsummoki."

"Da kin aiko, da na sauko."

"Da ka sauko ka yi min ƙarya a ƙasa. Na fi so ka yi min a sama, ko ba komai na sha iska."

Ya sunkuyar da kai.

"Matakala ɗari biyu da sha huɗu," ta ce. "Na ƙirga. Duk sunayen matattun da kuka sassaƙa a jikin bangonsu na bi su da hannu, tun da ido ya ƙi. Na sami na mijina. Gishiri ya fara cinye shi. Na Auta kuwa yana nan tsaf. Ka iya sassaƙa, Kunnuwa."

"Inna…"

"Kwana biyu yana yi min magana ta bayan ƙofa. Wai jirginsu ya fashe, wani babban jirgi ya tsince shi, ya tafi da shi ƙasar da ba ya jin yarensu. Wai shekara goma sha biyu yana sauya jirgi yana neman wanda zai biyo nan. Yana faɗi yana tari. Ni ina ciki na cusa bakin zanena a baki, kada in amsa."

Ta ajiye moɗar a hankali.

"Na ajiye kwano a bakin ƙofa, na ce na kyanwa ne. Duk layinmu an san ba ni da kyanwa. Ba wanda ya ce komai."

"Ya ci?"

"Matattu na cin abinci? Kai ne masani. Ya cinye tas, ya bar gefen da ya ƙone, kamar yadda yake yi tun yana yaro."

Mai Taga ya juya yana gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara.

"Buɗe tagar," in ji ta.

"Ba a buɗe wa kowa."

"Ni ba kowa ba ce. Ni na wanke maka kashi."

Ko yaron goye a garin ya san abin da ke bayan katakon nan. Idan ruwa ya janye, Mai Taga kan leƙa ƙasa ya ga babban zauren fadar a ƙarƙashin teku, ba rufi, fitilu na ci a cikin ruwa, kuma duk wanda teku ya ɗauke yana zaune a jere kan kujera. Wanda ya gani a can, sai ya kaɗa masa ƙararrawa sau ɗaya. Daga nan dangi su yi kuka, su raba kaya, su ci gaba da rayuwa. Wanda bai gani ba, a ci gaba da jiransa.

"Ranar da ka kaɗa," ta ce, "ka sauko ka same ni a gindin hasumiya. Ka ce ka gan shi a kujera ta uku daga ginshiƙi, sanye da rigar da na ɗinka masa. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce."

"To nuna min kujerar. In ba kowa a kanta, ido ne ya yaudare ka, ba kai ka fara ba. Ka kaɗa sau uku gari ya taru, ka ce ka yi kuskure. Ɗana ya shiga gida in dafa masa ruwan wanka."

"Ba kuskure na yi ba, Inna."

Ta ɗago kai ta dube shi. Ya daɗe bai ga fuskarta kusa haka ba. Tururin tukwanen gishiri ya cinye mata gira.

Ya tashi ya zare sakata ta sama. Ta ƙasa ta yi tsatsa, sai da ya sa ƙafa. Katakon ya buɗe, iska ta shigo ta kaɗa igiyar ƙararrawa. Ya kama hannunta ya kawo ta bakin tagar.

Ruwa ya riga ya fara ja da baya. Kawunan ginshiƙai huɗu sun fito, ciyawar teku ta naɗe su, tsuntsaye sun sauka a kai. Tsakaninsu kuwa yashi ne. Yashi da ruwa kore mai dauɗa, da wani tsohon kwando yana yawo.

Ta daɗe tana kallo.

"Idona ne," ta ce.

"Ba idonki ba ne."

"Ruwan bai gama janyewa ba."

"Ko ya janye har ƙasa, abin da ke nan ke nan."

Hannunta ya ƙara damƙe bakin tagar.

"Kakana ya ce yana yaro ya taɓa ganin fitila guda, can ƙasa," in ji Mai Taga. Bai taɓa furta wannan ga mahaluki ba. "Shi ma bai rantse ba. Yashi ya rufe zauren tun kafin a haifi babana. Ko akwai kujeru a ƙarƙashinsa, ko babu, Allah ne masani. Babana bai gaya min ba sai da ya kwanta ciwon ajali. Ina da shekara ashirin da huɗu. Na zaci zai koya min yadda ake gani."

"Me ya koya maka?"

"Lissafin iska. Inda ruwa ke kai gawa, da inda yake kai katako. Kwana nawa mutum ke yi a kan teku ba ruwan sha. Sannan ya ce, in duk wannan bai ba ka amsa ba, kada ka dubi teku, ka dubi mai jira. Ranar da ka ga mai jira ya fi wanda ake jira kusa da kabari, ka kaɗa."

"Sai ka dube ni."

"Shekara uku kina tsaye a gindin ginin nan duk janyewar ruwa. Murhunki ya mutu. Tukwanenki sun tsage. Rannan na sauko na gaishe ki, kika kira ni da sunan Auta. Na komo sama na zauna kwana biyu ina kallon igiyar nan."

"Rigar fa? Ina ka samo rigar?"

"Na gan shi da ita ranar da suka tashi."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Sannan dariyar ta ɗauke.

"Mijina."

"Babana ne ya kaɗa masa."

"Na san wanda ya kaɗa. Ya gan shi?"

Mai Taga ya kau da kai.

"Shekara arba'in," ta ce a hankali, "in sanyi ya sauko, sai in ce wa kaina ai yana zaune cikin haske, ba ya jin komai. Har nakan ce ya samu kujera, shi da bai taɓa zama wuri ɗaya ba."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da bango. Ya durƙusa gabanta.

"Ka sace min shekara tara, Kunnuwa."

"Na sani."

"Da na jira shi."

"Da kin mutu a shekara ta huɗu, Inna. Da ya dawo ya tarar da kabari."

"Da ya tarar da kabari, ya shiga gidansa ya yi kuka, maƙwabta su zo su ba shi haƙuri, su kawo masa abinci. Yanzu fa? Ya tarar da uwa, uwar na ciki da zane a baki."

Ya dubi igiyar ƙararrawa.

Daga ƙasa, can bakin gaɓa, suka ji muryoyin maza da ƙarar katako a kan tsakuwa. An fara jawo kwale-kwalen.

"To ka ce a kansa kaɗai ka yi kuskure," ta ce da sauri. "Shi kaɗai. Ka bar sauran yadda suke."

"Doka ta ce in Mai Taga ya yi kuskure, dattawa uku za su hau su duba da idonsu. Ba a taɓa yi ba, amma suna sane. Su leƙa su ga yashi. Kafin rana ta faɗi kowa ya ji."

"Mutum nawa?"

"Waɗanda ni na kaɗa wa, ɗari da sittin da uku. Ban da na babana."

Ta fara ƙirgawa da yatsu, ba lamba take ƙirgawa ba, gidaje ne.

"Matar maƙeri. Mijinta na fari kai ka kaɗa wa."

"Ni ne."

"'Ya'yanta huɗu yanzu. In ta ji, duk jirgin da ya ɓullo sai ta zaci shi ne ya dawo." Ta lanƙwasa wani yatsa. "Mai saƙar taru. Tagwayensa."

"Na ce masa suna zaune kusa da juna."

"Ya gaya min. Ya ce ƙaramin ne ya jingina da babban. Kafin nan sau biyu ana kamo shi a kan dutsen can yana shirin faɗawa."

"Shi ya ƙara jinginar da kansa. Ni ban faɗi haka ba."

"Kuma ka bar shi."

"Na bar shi."

Ta dubi yatsunta da suka ƙare, gidajen ba su ƙare ba.

"Kai da ubanka," ta ce, "kun ɗauki garin nan kun goya, ba wanda ya sa ku."

"Ba wanda ya sa mu. Amma ba wanda ya taɓa tambaya, Inna. Shekara talatin da ɗaya, ko mutum ɗaya bai ce min ka tabbata ba. Suna zuwa ne da fuskar da ke cewa don Allah ka gani."

"Ni ma?"

"Ke kin fi kowa."

Ta ɗaga hannu, ya zaci mari ne, ya miƙa mata fuskar. Sai ta kama kunnensa, kamar da, ta riƙe. Ba ta ja ba. Hawaye na bin ramukan fuskarta, shi ma ya bar nasa.

Da ta sake shi ya miƙe tsaye.

"Zan kaɗa," ya ce. "Tun jiya nake kama igiyar ina saki. Na yi ta auna mutum ɗaya da gida ɗari da sittin da uku, kullum gidajen ke rinjaye. Amma gidajen baƙin ciki za su yi, shi kuwa mutuwa zai yi. Kuma ni zan zama na kashe shi, sau biyu."

"Za su jefo ka daga tagar nan."

"Wataƙila."

"Mai saƙar taru zai koma kan dutse."

"Wataƙila, Inna. Ban sani ba. Wancan ban sani ba, wannan na sani."

"Kada ka dube ni haka. Kada ka ce ni zan zaɓa."

"Ban ce ba."

Ya taka zuwa tsakiyar ɗakin ya kama igiyar. Ta yi laushi daidai inda hannun ubansa da na kakansa suka riƙa kamawa. Ya naɗa ta a tafinsa.

A bayansa ya ji tana laluben sandarta, ta miƙe da ƙyar, ta koma bakin tagar.

"Tsaya."

Ya tsaya.

"Na gan shi," in ji Inna Mai Gishiri.

Ya saki igiyar ya matso da sauri, wani tsohon fata da ya zaci ya mutu tun yana saurayi ya motsa a ƙirjinsa. Ya leƙa ta saman kafaɗarta. Yashi. Kwandon nan ya maƙale a jikin ginshiƙi.

"Ga fitilu can," ta ce, muryarta a daidaice kamar mai karanto abin da ta haddace. "Ga mijina a layin baya. Ga tagwaye, ɗaya ya jingina da ɗaya. Ga Auta, kujera ta uku daga ginshiƙi, da rigar da na ɗinka masa. Ba ka yi kuskure ba, Mai Taga. Zan sauka in gaya wa dattawa na gani da idona. Uwa ba ta kasa gane ɗanta."

Bai taɓa jin ta kira shi Mai Taga ba.

Ya dubi fuskarta. Idanunta a rufe suke, ta matse su gam.

"Inna, buɗe idonki ki sake faɗi."

"Na gan shi."

"Buɗe idonki."

"Na riga na yi kukansa sau ɗaya, na san hanya. Sauran gidajen ba su sani ba. Rufe tagar."

Tari ya zo daga matakala.

Su biyun suka daskare. Mai Taga bai ji hawowar kowa ba, iska ta danne. Sai a lokacin ya tuna ya bar ƙofar ƙasa a buɗe. Kuma ko gari duka ya ga Auta ya nufo hasumiya, ba mai iya ce masa tsaya, don ba a yi wa matacce magana.

Yana tsaye a matakala ta ƙarshe, hannu ɗaya a bango, daidai kan sunayen. Ya rame. Gishiri ya tsattsaga masa leɓe. A ɗaya hannun yana riƙe da kwanon kyanwa, ya wanke shi.

"Na ga kin fito ba ki ɗauki kwanonki ba," ya ce. "Na ce in biyo ki da shi, kada gwiwar nan ta kayar da ke a hanya."

Ba ta juya ba.

"Na ji abin da kika ce, Inna. Wace riga ce? Mai ɗinkin baƙin zare a wuya?" Ya ɗaga gefen tsumman da ke jikinsa. A ciki, ɗaure a ƙugunsa, ga wani ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, ya koɗe, da ɗinkin baƙin zare. "Abin da ya rage ke nan. Sauran teku ya ci."

Kafaɗunta suka fara girgiza. Ta ɗauki bakin zanenta ta cusa a baki.

Auta ya daɗe yana kallon bayanta. Sannan ya ajiye kwanon a ƙasa a hankali, kada ya yi ƙara, ya juyo ga Mai Taga.

"Yaya," ya ce. "Nono ɗaya muka sha. Ba na neman gida, ba na neman jirgi. Mutum ɗaya nake so ya ce min sannu da zuwa kafin su tura ni."

A ƙasa wani ya yi kira, ruwa ya kai alama, a kawo shi.

Mai Taga ya buɗe baki. Shekara talatin da ɗaya yana faɗin abin da bai gani ba, yau ga abin da yake gani a gabansa, harshe ya yi nauyi.

"Sannu da zuwa, Auta."

Ya juya ya kama igiyar da hannu biyu, ya ja da dukan nauyinsa.

Ƙararrawa ta buga. Tsuntsaye suka tashi daga kan ginshiƙai. Muryoyin bakin gaɓa suka ɗauke ɗif.

Ya ɗaga hannu zai ja na biyu, sai ya ji igiyar ta ƙi. Inna ce. Ta yar da sanda, ta rungume igiyar a ƙirjinta, ta rataya a jiki da duk ɗan nauyin da ya rage mata, zanen har yanzu a bakinta, tana girgiza masa kai.

Uku ke tara gari. Ɗaya kuwa mutuwa ce.

Daga gindin hasumiya muryar mai saƙar taru ta hawo, tana karkarwa.

"Mai Taga, wa ka gani?"